Dattawan Kiristocin karkarar Maraɗi na tafiya da tarihinsu a baki

A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, har zuwa Kona, idan dattijo Kirista ya rasu, mafi yawan masu cika rumfar ta'aziyya Musulmi ne: ƙannensa, surukansa da maƙwabtan gona. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Sau da yawa gidan mamacin ne kaɗai na Kirista a cikin danginsa.

Waɗannan dattawa, da aka haifa kafin samun 'yancin kai a 1960, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta labarinsu.

Tushen labarin ya faro ne daga mishan ɗin SIM, wadda ta sauka a Damagaram a 1924, sannan ta kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sai kuma asibitin kutare na Danja. Ta waɗannan ƙofofi ne da yawa suka fara jin wa'azin Kirista: wani ya je neman magani, wani neman aiki, wani koyon karatu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ya zama littafin karatun wasunsu na farko, shi ya sa ake samun tsohon da bai taɓa shiga lakwal ba amma yana karanta boko tiryan-tiryan, ko da yake bai jin Faransanci.

Sauya addini a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Akwai waɗanda aka hana wa mata, akwai waɗanda maganar gadon gona ta zame musu rigima. Duk da haka yawancinsu ba su bar ƙauye ba. Sun ci gaba da noman hatsi da wake da gyaɗa, suna fita gayya, suna zuwa suna da biki. Ranar Layya a aiko musu da nama, ranar Kirsimeti su ma su aika da tuwo.

Su ne kuma suka ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda ake kira El Buhari. A wannan tsakani ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da SIM a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututture, su riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara suna gyara shi har ya zama itace. Manoma Musulmi da Kirista suka rungumi dabarar, wadda ake kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood a 2018. Sunayen manoman da suka yi aikin da hannunsu kuwa ba su shiga takarda ba.

Zaman tare bai rasa gwaji ba. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a Yunin 2019 kuma aka ƙona wata a birnin Maraɗi. A ƙauye, abin da ke riƙe zumunci shi ne sanin juna: wane ɗan wane ne, wa ya ranta wa wa hatsi a shekarar yunwa. Dattawa ne ke ɗauke da wannan sani.

Yau 'ya'yansu da jikokinsu suna Maraɗi, Yamai, Kano, wasu har Aljeriya da Libiya wajen ci-rani. Labarin rasuwa kan iske su ta WhatsApp, sau da yawa bayan an riga an binne. Mai binciken tarihi Barbara Cooper ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, amma da Turanci yake, harshen da 'yan ƙauyen ba sa karantawa.

Wayar da ke kawo saƙon mutuwa tana iya naɗar murya. Wanda kakansa ke raye, Kirista ne ko Musulmi, zai iya zama da shi in ya je gida, ya tambaye shi iyakar gona, asalin dangi da yadda aka tsira a 1984. Amsoshin nan ne ake nema ranar rabon gado, ko ranar da wata fitina ta taso daga birni.