Abin da mai bincike zai sani kafin ya fara aiki da gagarumar kwamfuta

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke nazarin ƙwayoyin halittar cutar zazzaɓin cizon sauro, ko yanayin saukar damina, kan iya shafe makonni yana jiran kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta kammala lissafi guda. Irin wannan aiki ne gagaruman kwamfutoci, waɗanda a Turance ake taƙaita fanninsu da HPC, ke iya gamawa cikin sa'o'i. Amma saurin ba ya samuwa sai mai binciken ya iya tsara aikinsa yadda na'urar ke buƙata.

Gagarumar kwamfuta ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci ce da aka haɗa da hanyar sadarwa mai sauri, suna aiki tare kamar 'yan gayya a gona. Ana raba babban lissafi gida-gida, kowace na'ura ta ɗauki nata kason, a ƙarshe a haɗa sakamakon.

Tun daga shekarar 1993 ake fitar da jerin TOP500, wato kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, sau biyu a shekara. A 2022, Frontier ta ɗakin binciken Oak Ridge da ke Amurka ta zama ta farko a jerin da ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. A Afirka kuwa akwai Lengau, wadda cibiyar CHPC ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2016, da kuma Toubkal ta Jami'ar Mohammed VI Polytechnic a Maroko, wadda aka ƙaddamar a 2021.

Matakin farko ga sabon shiga shi ne koyon Linux. Tun daga watan Nuwamba na 2017, dukkan kwamfutocin da ke jerin TOP500 da Linux suke aiki, kuma galibi da rubutaccen umarni ake sarrafa su. Mai bincike kan shiga daga nesa ta hanyar SSH, ya loda bayanansa, ya gyara fayilolinsa. Ana iya koyon wannan kyauta a kan kowace kwamfuta kafin a nemi izinin shiga wata cibiya.

Mataki na biyu shi ne fahimtar layi. Na'urar ta jama'a ce, masu bincike da yawa ke amfani da ita a lokaci guda. Saboda haka mutum kan rubuta ɗan gajeren fayil ya bayyana adadin ƙwaƙwalen lissafi da yake buƙata, da girman ma'adanar wucin gadi, da tsawon lokaci, sannan ya miƙa wa manhajar da ke tsara layi, irin su Slurm. Wanda ya nemi fiye da buƙatarsa zai daɗe yana jira. Wanda kuma ya nemi lokacin da bai isa ba, za a katse masa aiki kafin ya kammala. Haka nan cibiyoyi kan hana gudanar da aiki mai nauyi a kan na'urar da ake shiga ta cikinta, domin yana tsayar da aikin kowa.

Mataki na uku shi ne tantance ko aikin na rabuwa. A 1967, masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole a yi shi bi da bi, to ko an ba shi na'ura dubu, saurinsa ba zai wuce ninki 10 ba. Manhajar da aka rubuta don ƙwaƙwalwa ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya za ta yi amfani da ita, sauran su zauna a banza alhali ana cire sa'o'insu daga kason da aka ware wa mai binciken. Don haka ake amfani da tsare-tsaren raba aiki irin su MPI da OpenMP, kuma ya fi dacewa a fara gwaji da ƙananan bayanai, a auna lokacin da suka ci, kafin a nemi ƙari.

A Najeriya, rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadar sanyaya ɗakunan na'urori na sa kafa irin waɗannan cibiyoyi ya yi wa jami'o'i wuya. Hanya mafi sauƙi ga mai bincike ita ce ya fara tambayar sashen fasahar sadarwa na jami'arsa, ya binciki ko tana cikin NgREN, wato hanyar sadarwar bincike da ilimi ta ƙasa, ko kuma ya nemi shiga wata cibiyar waje ta hannun abokan bincikensa. Kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft ma na bayar da hayar na'urori ta intanet, sai dai kuɗin na ƙaruwa da kowace sa'a, ko da an manta na'urar a kunne ba ta aikin komai.

Cibiyoyi da dama kan buƙaci taƙaitaccen bayanin bincike da ƙiyasin sa'o'in da za a ci kafin su ba da izini, kuma sakamakon ƙaramin gwajin farko shi ne hujjar da mai nema zai gabatar.