Amsoshin Wasiƙunku: Shin Kunun Tsamiya Na Wanke Tiramol Daga Jiki?

Wani mai sauraronmu, manomi daga wajen Funtuwa, ya rubuto cewa 'yan ƙodago a garinsu kan sha tiramol kafin su shiga gona, da yamma kuma su kwankwaɗi kunun tsamiya ko nono wai don wanke jiki. Yana tambaya, shin hakan na fitar da ƙwayar?

To malam, ba ya fitarwa. Bari mu bi sawun ƙwayar nan ka gani.

In an haɗiye ta, takan narke a ciki, ta gangara hanji, daga nan ta shiga jini. Jinin da ya taso daga hanji kuwa sai ya biya ta hanta kafin ya zaga jiki. A nan abin mamakin yake. Hanta ba kashe ƙarfin tiramol take fara yi ba, wani kaso nasa ma takan juya shi ya zama sinadarin da ya fi shi ƙarfi. Haka kodin, na cikin maganin tarin nan da gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigowa da shi a 2018: hanta ke mai da kaɗan daga cikinsa ya zama mofin. Kuma hantar kowa da irin saurinta, abin gado ne. Shi ya sa mutum biyu kan sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya ce bai ji komai ba, ɗayan kuwa ya kife.

Bayan hanta sai ƙoda. Ita ke tace jini, wajen kashi 90 cikin 100 na tiramol ta fitsari yake fita. Amma fa a hankali. Duk bayan kamar awa 6, rabin abin da ke cikin jini ne ke raguwa; bayan wata awa 6, rabin sauran. Kafin ya kusa ƙarewa an haura kwana guda. Ga tsoho, ko mai ciwon hanta ko ƙoda, ya fi haka daɗewa. Tsamiya a hanji take, maganin kuwa ya riga ya shiga jini, ina za su haɗu?

Haɗarin ke nan. Mutum ya ji gajiya ta dawo da azahar, ya ɗauka ƙwayar safe ta fita, ya ƙara wata a kanta. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ko ga majinyaci, alhali ta bayan fage akwai mai 225 a ƙwaya guda. Biyu kacal an ƙetare iyaka. Sai jijjiga kamar farfaɗiya, ko numfashi ya yi ƙasa, balle in an haɗa da giya ko maganin barci. Mai shayarwa ma ta sani, yana bi ta ruwan nono ya kai ga jariri.

In kuka ga mutum ya sha ya kasa farkawa, don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, shaƙe shi zai yi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya sha. Akwai allurar Naloxone da kan dawo da numfashi in an kai shi da wuri.