Masu Cin Rani da Kewar Gida: Abin da Na Ji a Iyakar Jibiya

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya take ci. In an tashi daga sujada nakan gangara Magama, inda ake shiga da fita tsakaninmu da Nijar. In ka tsallake kana Ɗan Isa, gabanka kuma Maraɗi. Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ka ga samari da 'yar jaka a kafaɗa. Waɗansu 'yan Nijar ne masu gangarowa Kano da Legas. Waɗansu kuwa namu ne, sun nufi Agadas, daga can su wuce Sabha ta Libiya ko Tamanrasat ta Aljeriya, aikin gini ko na lambu.

'Yan'uwa manoma, cin rani ba baƙon abu ba ne gare mu. Amma a taron ƙungiya kuɗin da yaranmu za su aiko kawai muke lissafawa. Ban taɓa jin an tambayi halin da zuciyarsu take ciki ba.

Wani saurayi ɗan ƙungiyarmu ya yi shekara 2 yana aikin lambu kusa da Sabha. Da ya komo muka zauna a gindin darbejiya, na tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya. Na zaci zai ce aiki ko zafi. Ya ce a'a, ɗan manomi ba ya tsoron waɗannan. Ranar Lahadi ce ta fi cinsa. A can Jumma'a ake hutu, Lahadi kuwa ranar aiki ce. Lokacin da ya san ana kaɗa ƙararrawa a gida, shi yana ban ruwan tumatir, yana rera waƙoƙin sujada a ransa.

Su takwas ne a ɗaki ɗaya, dukansu Hausawa, shi kaɗai ne Kirista. Ya ce sun riƙe shi da amana, akushi ɗaya suke ci, da zazzaɓi ya kama shi su ne suka yi jinyarsa. Amma in sun tafi masallaci sai ya zauna shi da bango. Sau ɗaya ya sami taron masu bi, mutanen kudu da na Gana. Da Turanci aka yi kome. Ya zauna a baya, aka tashi, ba wanda ya san sunansa.

Sai ya faɗi maganar da ta sa na sunkuyar da kai. Ya ce duk wayar da aka yi masa daga gida, gaisuwa ce a farko, kuɗi a ƙarshe. Har ya zama in wayar ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake yi. "Malam," in ji shi, "ba wanda ya taɓa gaya mini ko akuyata ta haihu." Ni ma sau biyu na kira shi, duka biyun a kan kuɗin ƙungiya da ake binsa.

Mu mutanen iyaka mun san hanya ba kullum take a buɗe ba. Dattawa suna tuna rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta zo daidai da yunwa. An sāke rufewa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ma an rufe har zuwa Maris 2024. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a Jibiya da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Wannan saurayi yana can a lokacin. Yana jin labarin hare-hare a rediyo, yana kiran gida, waya ba ta shiga, har wajen wata uku.

To, me ƙungiya za ta iya yi? A Irmiya sura 29 annabi ya rubuta wa 'yan'uwansa da ke Babila wasiƙa, ya ƙarfafa su su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi lafiyar garin da suke baƙunci. A matsayina na malamin gona na ji daɗin maganar lambun. Amma ku lura, na gida ne ya fara rubutawa.

Saboda haka muka shawarta a ƙungiyarmu. Kowane matafiyi an ba shi mutum ɗaya da zai aika masa da saƙon murya a WhatsApp kowace Lahadi da yamma, ba maganar kuɗi ko kaɗan. A gaya masa ranar da ruwan fari ya sauka, da wanda ya yi aure, da yadda geronsa ya yi. In Zumuntar Mata suna waƙa, a ɗauka a tura masa. Ba a share sunansa daga littafin ƙungiya, kuma in damina ta faɗi bai komo ba, ana yi wa gonarsa gayya rana ɗaya. Mutumin da ya san an nome gonarsa, ya san ana jiransa. Matan da aka bari ma ana leƙa su, gama su ma kewar tana cinsu.

Ba na zuga kowa ya bi hamada. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara. Amma wanda ya ƙudura tafiya, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya karɓi takardar shaida daga fastonsa. In a Maraɗi zai tsaya, ikilisiyoyin EERN da Hausa suke sujada. Ya kuma tsai da watan komowa a gaban dattawa tun bai tashi ba.

Saurayin nan bana a gida ya yi noma. Shi ne yanzu yake aika wa mutum huɗu saƙon Lahadi. Sakatarorin sauran ƙungiyoyi, in za ku zo taron wata mai zuwa, ku taho da sunayen naku da ke waje.