Wayar makaho tana karanta rubutu, ba ta karanta hoto

A kasuwar Mokolo ko a lungunan Briqueterie za ka iya ganin makaho ya kara waya kusa da kunne yana shafa fuskarta da yatsa. Ba kira yake yi ba, karatu yake. Wayoyin Android suna da manhaja mai suna TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver. Duk inda yatsa ya taɓa sai murya ta faɗi abin da ke wurin, in ya ƙwanƙwasa sau biyu abin ya buɗe. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kuma kyauta ce. A nan Yawunde, ƙungiyar CJARC ta Coco Bertin tana koya wa makafi rubutun Braille da aiki da kwamfuta.

Sai dai muryar nan tana dogara ne da abin da mai ƙera manhaja ya rubuta. Idan ya zana ƴar kibiya a matsayin maɓallin tura kuɗi bai ba ta suna ba, makaho zai ji an ce "maɓalli" kawai. Na turawa ne ko na sokewa? A nan ne yake miƙa wa wani wayarsa, har da lambar sirrinsa. Gyaran kuwa kalma ɗaya ce da za a liƙa wa maɓallin. Haka ma shafin da ke rufewa cikin ƴan daƙiƙoƙi, alhali mai saurare ya fi mai gani buƙatar lokaci. Masu raunin gani kuma, irin dattawanmu masu yanar ido, suna son rubutun da ake iya ƙara wa girma, baƙi a kan fari.

Mu ma da namu laifin. Jadawalin sallah, sanarwar jana'iza da ta ɗaurin aure, duk a hoto muke tura su WhatsApp. Wasu wayoyi suna ƙoƙarin tsinto rubutun cikin hoto, amma ba abin dogaro ba ne, balle an cika shi da ado. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya yarda da shi, makaho ne, kuma ladani ne a Madina. Yau ɗan'uwansa yana rasa jana'izar maƙwabci don sanarwa ta zo a hoto.

Wanda zai tura hoton, ya rubuta lokaci da wuri a ƙarƙashinsa, ko ya haɗa da saƙon murya da Hausa, tunda muryar yawancin wayoyinmu ta Faransanci ce, tana kwaɓa Hausa in ta karanta.