Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sunayen Turanci Masu Ƙarshe Iri Ɗaya a Kunne

Direba, lauya, kafinta, minista, lebura, tela, likita, darakta, farfesa, gwamna, kalanda. Duk waɗannan kalmomi daga Turanci muka aro su, kuma duk a bakinmu da wasali ɗaya suke ƙarewa. Waɗanda suka fara aro su ba su yi kuskuren ji ba. A Turancin kudancin Ingila, wanda shi aka koyar a makarantunmu, ba a furta harafin r idan ya zo a ƙarshen kalma, sai a bar wani ɗan gajeren wasali mai kama da a. Amma a takarda kashi uku ne: driver, lawyer, carpenter, minister da labourer suna ƙarewa da -er, tailor, doctor, director, professor da governor da -or, calendar kuwa da -ar. Kunne ya haɗa su, ido ne kaɗai zai raba su.

Mai jin Hausa ya san irin wannan matsala, sai dai tasa a juye take. Mahauta na iya zama mutanen da ke sana'ar fawa, na iya zama wurin da ake yanka. Marina na iya zama masu rini, na iya zama wurin rinin, kamar marinar Ƙofar Mata a Kano. A rubutu babu bambanci, amma da an faɗa, karin sauti ya warware zancen. Mu kunne ke raba mana abin da rubutu ya haɗa. Turanci kuwa sau da yawa rubutu ke raba abin da kunne ya haɗa. Shi ya sa mutum zai iya Turanci sosai a baki, amma in ya zo cika fom ko karanta yarjejeniya ya yi tuntuɓe a harufa biyun ƙarshe, alhali sau da yawa a nan ma'anar take.

Asalin ruɗanin tarihi ne. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da ilimi, talakawa suka ci gaba da Turancinsu. Sai kalmomi suka riƙa shigowa ta ƙofa uku, kowace da irin ɗafa-ƙeyarta. Ɗafa-ƙeyar -er ta gida ce, ana liƙa ta a kusan kowane aikatau: teach ya ba da teacher, farm ya ba da farmer. Ita kuwa -or baƙuwa ce daga Latin. Akwai alamar da ke taimakawa, ko da yake ba ta rasa togaciya: aikatau mai ƙarewa da -ate ko -ct yawanci -or yake ɗauka, kamar operator, translator, inspector da contractor. Haka ma editor, visitor da auditor. Masu -ar ba su da yawa, haddace su kawai ake yi: beggar, liar, burglar, scholar, registrar, bursar. Adviser da advisor kuwa duka biyun sun halatta.

Kada kuma a ɗauka duk mai -er mutum ne. Mai dafa abinci cook ne, daga nan muka sami kuku, amma cooker murhu ne. Typewriter ita ce tafireta, mai buga ta typist. Wanda ya rubuta a takardar neman aiki cewa shi cooker ne, ya kira kansa kayan girki bai sani ba.

Wannan duk kuskuren rubutu ne, iyakarsa a rage wa ɗalibi maki ko a yi wa mutum dariya. Inda abin ke iya jawo asara shi ne tsakanin -er ko -or a gefe ɗaya, da -ee a ɗaya gefen, kuma a ganina in mutum zai koyi abu ɗaya tak a wannan babi, to wannan ya kamata ya koya.

Ɗafa-ƙeyar -ee daga kotu ta fito. Ko bayan dokar 1362 da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci, lauyoyin Ingila sun ci gaba da rubuce-rubucensu da wani irin Faransanci nasu na shari'a har ƙarnoni, sai a farkon shekarun 1730 majalisa ta wajabta Turanci a takardun kotu. A wannan Faransanci, wanda ya yi aiki yana ɗaukar -or, wanda aikin ya faɗa wa yana ɗaukar -é, wadda ta rikiɗe ta zama -ee. Hausa na da tsari mai kama da wannan: muna cewa naɗaɗɗe, tsararre, amintacce, kuma su ne appointee, detainee da trustee. To haka employer ne ke ɗaukar ma'aikaci, employee shi ne ma'aikacin. Trainer ke horarwa, trainee ke karɓar horo. Interviewer ke tambaya, interviewee ke amsawa. A nan kunne ma yana taimakawa, domin yawanci ana danna murya a kan -ee ɗin kanta, a gaɓar ƙarshe.

Ga inda mutum zai gamu da su ido da ido. A takardar haya, lessor shi ne mai gida ko mai shago, lessee ɗan haya. A takardar aika kaya, consignor ya aiko, consignee zai karɓa. A cakin banki mutum uku ne: drawer wanda ya rubuta cakin, drawee bankin da aka umarta ya biya, payee wanda za a biya. Wannan drawer ɗin kuma rubutunsa ɗaya da na durowar tebur. A cinikin fili a Nijeriya, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, abin da mai fili ke miƙawa shi ne haƙƙinsa na zama a wurin, don haka takardar da aka fi rubutawa sunanta Deed of Assignment. Mai sayarwa assignor, mai saye assignee. A shafin sa hannu sunayen biyu suna jere, harufa biyu kacal suka raba su, kuma wajibi ne mutum ya duba a ƙarƙashin wanne aka rubuta sunansa kafin ya ɗora alƙalami ko ya dangwala yatsa.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce ta jingina. Da yawa suna zaton mortgagor shi ne banki, tunda banki ne ke ba da kuɗi. Ba haka ba ne. Abin da ake bayarwa a cikin kalmar mortgage jingina ce, ba kuɗi ba. Saboda haka mortgagor shi ne wanda ya jinginar da gidansa ya ci bashi, mortgagee kuma bankin da ya karɓi jinginar. Wanda ya karanta su a juye zai ɗauka sharuɗɗan da aka ɗora masa a kan banki suke. Kusa da wannan akwai guarantor da guarantee. Guarantor mutum ne, wanda ya tsaya wa wani, ya yarda in wancan ya kasa biya shi zai biya. Guarantee a amfanin yau da kullum ba mutum ba ne, lamunin ne kansa, ko alkawarin da kamfani ya yi a kan kayansa.

Sai dai -ee ba kullum take nufin wanda aka yi wa abu ba. Refugee, wato ɗan gudun hijira, shi ya gudu da ƙafarsa. Kalmar ta shiga Turanci ne tare da Furotestan Faransa da suka tsere zuwa Ingila bayan da Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke ba su kariya a 1685. Absentee shi ya ƙi zuwa, retiree shi ya yi ritaya, kuma jaridun Nijeriya sun ƙara tasu, decampee, ga ɗan siyasar da ya sauya sheƙa. Referee wanda aka miƙa wa magana ne ya yanke ko ya ba da shaida, shi ya sa kalmar ke nufin alƙalin wasa a filin ƙwallo, take kuma nufin mai shaidar halinka a fom ɗin neman aiki ko buɗe asusun banki. Committee ma, kwamitin da muka sani, a asalinta mutum ɗaya take nufi, wanda aka damƙa wa wani al'amari.

Rukuni na gaba su ne -tion, -sion da -cian, waɗanda yawanci kamar "shan" ake jin su. Ta ƙarshen ce mai sauƙi: -cian mutum ne mai sana'a ko ilimi, kuma yawanci tushen kalmar yana ƙarewa da -ic ko -ics. Electric ya ba da electrician, politics ya ba da politician, music ya ba da musician. A kula da physician, shi likita ne, masanin fiziks kuwa physicist. Sauran biyun sunayen aiki ne ko hali. Mafi yawa -tion ne. Aikatau mai ƙarewa da -de ko -nd ya fi karkata ga -sion: decide da decision, divide da division, extend da extension, amma intend ya ba da intention. Mai ƙarewa da -mit kuma -ssion: admit da admission, permit da permission. Abin sha'awa, kunnen Bahaushe ya kama wani bambanci a nan tun tuni. Idan -sion ta biyo bayan wasali sautinta yana nauyi, ya kusanci j, shi ya sa muka ce talabijin, amma station ta zama tasha, pension ta zama fansho.

A kan -ance da -ence babu abin da kunne zai yi, domin furucinsu ɗaya ne sak, kuma ma'anarsu ɗaya. Bambancin ya samo asali daga rukunan aikatau na Latin, Faransanci kuma ya dagula shi. Dabarar da ta fi amfani ita ce a tuna da sifar kalmar: important tana tafiya da importance, different da difference. Idan c ko g kafin ƙarshen suna da sauti mai ƙarfi kamar k da g, -ance ce, kamar significance da elegance. Idan suna da taushi kamar s da j, -ence ce, kamar innocence da intelligence. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda waɗannan ke karo da jam'in sunayen mutane. Patience haƙuri ne, patients majinyata. Residence mazauni ne, residents mazauna. Assistance taimako ne, assistants mataimaka. Correspondence musayar wasiƙu, correspondents wakilan kafar labarai. A baki da ƙyar ake raba su ko a Ingila, amma a rubutu -ts na mutane ne, -ce na abu ko hali. Mai rubuta sanarwar asibiti ko wasiƙar ofis ya tambayi kansa: mutane nake nufi ko abu?

Sai -ce da -se. A tsarin Ingila, wanda Nijeriya da Gana suka gada, suna yana ɗaukar c, aikatau yana ɗaukar s. Advice shawara ce, advise ba da ita, kuma wannan tagwaye ne mabuɗin sauran, tunda ana jin bambancinsu a baki: na farko da s, na biyu da z. Daga nan sai a auna practice da practise, licence da license, waɗanda furucinsu ɗaya ne. Lasisin tuƙi licence ne, hukumar da ta ba da shi kuma ta yi license. A Amurka, inda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya yi tasiri ƙwarai wajen sauƙaƙa rubutu, ba a yin wannan rabon: practice ɗaya ce ga suna da aikatau, license ma haka. Wannan ne ya sa wayoyi da kwamfutoci da aka saita a kan Turancin Amurka suke ja wa licence jan layi alhali daidai take. Maganin abin a sauya saitin harshe zuwa na Birtaniya, ko kuma a zaɓi tsari ɗaya a bi shi daga farkon takarda zuwa ƙarshenta.

Saura 'yan tagwaye da babu wata ƙa'ida da ta ɗaure su, kuma suna yawan fitowa a takardun makaranta da na ƙaramar hukuma. Principal shugaban makaranta ne, kuma a harkar bashi ita ce uwar kuɗi, wadda kuɗin ruwa ke hawa kanta. Principle kuwa aƙida ce ko ƙa'ida. Council majalisa ce, ɗan cikinta councillor, wato kansila. Counsel shawara ce, ko lauyan da ke tsaya wa mutum a kotu, counsellor kuma mai ba da shawara, irin malamin da ke jagorantar ɗalibai wajen zaɓen darussa. Stationery kayan rubutu ne, takarda da biro da ambulan, stationary kuwa ba ma suna ba ce, sifa ce ta abin da ke tsaye cik. A fom ɗin biza ko na inshorar lafiya kuma za a ga dependant, wanda a rubutun Ingila suna ne na wanda ke ƙarƙashin kulawarka, kamar ɗa ko mata ko tsohuwar uwa, dependent kuma sifa ce ta mai dogaro da wani abu. Amurkawa suna rubuta duka biyun da e, don haka fom ɗin ofishin jakadancin Amurka da na Birtaniya za su iya saɓawa a kan wannan kalma, kuma kowannensu daidai ne a gidansa.