Tayoyin Motar Gudu: A Canza Kafin a Sayar, ko a Bar wa Mai Saye?

Daga cikin mas'alolin da kan ɗaure wa masu motoci kai a ƙasashen Turai da Amurka, musamman masu irin motocin nan na gudu da ƙawa masu ƙofa biyu, kamar Porsche 911 da Chevrolet Corvette da Mazda MX-5, akwai wadda takan taso duk sa'ad da mutum ya yi niyyar rabuwa da motarsa, ya duba ya ga tayoyinta sun cinye: shin ya zuba kuɗinsa ya sa sababbi, alhali wani ne zai mori amfaninsu, ko kuwa ya kai ta kasuwa yadda take, ya haƙura da abin da mai saye zai rage? A zahiri tambaya ce ta riba da hasara, amma wanda ya yi mata nazari na haƙiƙa zai tarar tambaya ce ta amana, domin abin da ake ciniki a kansa shi ne abin da ran mutum zai dogara da shi a kan titi.

Dalilin da ya sa al'amarin ya fi tsanani a motar gudu shi ne, duk ƙarfin injinta, da kaifin birkinta, da yadda take shan kwana ba tare da ta karkace ba, ba su isa ga kwalta sai ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba da yawa. Saboda haka masu ƙera tayoyin irin waɗannan motoci, kamar Michelin mai Pilot Sport da Pirelli mai P Zero, sukan yi su da roba mai laushi wadda ke kama titi ƙwarai, amma tana saurin cinyewa fiye da ta motar gida. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin motocin nan tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, ba a iya musanya su a kai na gaba baya kamar yadda ake yi don cinyewar ta zo daidai. A Porsche 911 kuwa, wadda injinta ke can baya, na bayan kan riga na gaba ƙarewa da nisa. Kuɗinsu ma ba kaɗan ba ne, domin huɗu masu kyau na irin wannan mota sukan haura dala 1,000, wanda shi ne ke sa mai sayarwa ya tsaya yana waswasi.

Kafin mutum ya yanke hukunci, wajibi ne ya san haƙiƙanin halin da tayoyinsa ke ciki, kuma alamomin da ake dubawa uku ne. Ta farko ita ce zurfin zanen taya, watau kwaruruwan nan da aka tsaga don su kore ruwa daga ƙarƙashinta. Sabuwar taya takan zo da zurfin wajen milimita 8, dokar Ingila da ta Tarayyar Turai kuwa ta ƙayyade cewa kada ya gaza milimita 1.6, mafi yawan jihohin Amurka ma a nan kusa suka tsaya. A cikin kwaruruwan akwai 'yan tudunni da aka dasa daidai wannan haddi, idan fuskar taya ta yi daidai da su, to wa'adinta ya cika. Tayar da ta kai haka tana iya yin lafiya a busasshen titi har mai ita ya ruɗu, amma ranar da aka yi ruwan sama ba za ta iya kore ruwan ba, sai motar ta hau kansa tana sulɓi, sitiyari da birki su daina jin umarni.

Alama ta biyu ita ce shekaru, kuma ita ce wadda aka fi gafala da ita. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan an ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta taurare ko da ba a hau ta ba, motocin gudu kuwa galibi a gareji suke wuni su kwana, ba a fito da su sai ranar hutu, don haka sau da yawa akan sami taya mai cikakken zane alhali ta tsufa. Kamfanonin motoci da dama suna ba da shawarar a canza bayan shekara 6, Michelin kuma ya ce kada a wuce shekara 10 ko da ido bai ga aibi ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2013, ɗan wasan fim na Amurka Paul Walker ya rasu tare da abokinsa Roger Rodas a Santa Clarita ta jihar Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudun da ya wuce kima, amma sun ambata cewa tayoyin motar sun kai wajen shekara 9. Alama ta uku kuwa ita ce yanayin cinyewar: idan gefe guda ya fi ɗaya ci, to matsalar ta wuce taya, tana cikin saitin ƙafafun motar, sa sababbi ba tare da gyara saitin ba rufe ciwo ne kawai.

To, idan an auna an ga tayoyin sun kai haddin doka, ko sun tsattsage, ko sun tsufa, ra'ayina shi ne babu wani zaɓi sai canzawa, ko kuwa a sayar wa wanda ya sani sarai, ya zo da abin da zai ɗauki motar ba tare da ta taka titi ba. A Ingila ma dokar hanya ta 1988 ta haramta sayar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba, tuƙi da gurɓatacciyar taya kuma yana iya jawo tarar da ta kai fam 2,500 a kan kowace guda. Ban da doka, mai saye zai so ya gwada motar, kuma zai taka ta ne don ya ji ƙarfinta, mai ita yana zaune a gefensa.

Amma idan tayoyin sun yi rabi ne kawai, shekarunsu kuma ba su ja ba, to a nan hukunci ya sassauta, kuma sau da yawa barin su ya fi maslaha. Da wuya mai sayarwa ya mayar da dukan kuɗin sababbin tayoyi cikin farashi, domin mai saye yana ɗaukar lafiyayyar taya a matsayin haƙƙinsa, ba ƙari ba. Sa'an nan masu sha'awar irin waɗannan motoci kowa da tayar da ya fi so. Abin da ya dace shi ne a auna zurfin kowace taya, a rubuta shi tare da shekarar ƙira, a nemo farashin sababbi daga mai sayar da taya, a ajiye duka a gaban mai saye tun kafin ya tambaya. Wanda ya yi haka ya toshe ƙofar zargi, domin mai saye idan shi ya gano aibin da kansa, ba kuɗin taya kaɗai zai rage ba, zai soma tunanin ko an canza baƙin mai a kan kari, ko akwai wani abin da aka ɓoye.

Hanyar da ta fi kowace muni ita ce ta tsakiya, watau a nemo tayoyi masu araha a ɗaura don mota ta yi kyan gani. Araha ba ta ado. Kowace taya tana da harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta jure, V kilomita 240 a sa'a, W 270, Y 300. Porsche na sa alamar N a kan tayoyin da ya gwada ya amince da su, BMW na sa tauraro, Mercedes na sa MO. Masani yana ganin tayar da ba ta dace ba zai lissafa kuɗin cire ta, wanda bai sani ba kuwa zai tafi da ita yana zaton ya sami kariya, alhali an yaudare shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware asalin wannan mas'ala. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa, ta hana algus da ɓoye aibi a cikin ciniki, mazhabar Malikiyya kuma ta ba mai saye zaɓin mayar da haja idan ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, da tayoyin da suka riga suka ci rabin rayuwarsu, ga zafin kwalta na bazara mai gaggauta lalacewar roba. Shari'a ba ta tilasta wa mai sayarwa ya sabunta kome ba, amma ta wajabta masa bayani. Saboda haka mai mota ya canza abin da ke da haɗari, da irin tayar da ta dace. Abin da bai kai haɗari ba ya faɗe shi, ya rage farashi gwargwadonsa. Dillali kuma kada kwaɗayin la'ada ya sa ya yi shiru a kan abin da ya gani. Kuɗin da aka rasa ta wannan hanya ƙalilan ne, abin da ya saura kuwa halal ne wanda ba a ɗauki alhakin kowa a kansa ba.