Gandun Dajin Kamuku: Yadda Gadin Daji Ya Koma Aikin Yaƙi

Duk wanda ya ratsa Unguwar Mu'azu a birnin Kaduna da hantsi zai tarar da buhunan gawayi jingine a bakin shaguna, mata da yara suna saye ƙulli-ƙulli a leda. Tun da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi a 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin aljihu, gidaje da dama suka koma murhun gawayi. Kowane buhu itace ne da aka sare a wani daji, kuma duk dajin da doka ta keɓe yana da mutanen da aka ɗora wa amanar tsaronsa. A Jihar Kaduna, dajin da ya fi kowane matsayi a idon doka shi ne gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Mando, ta Buruku da Udawa da Kuriga. Abin da ya sami masu gadin wannan daji cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce ya shafi mutumin Unguwar Mu'azu fiye da yadda yake zato.

Aikin da aka ɗauke su domin sa

A 1936 aka keɓe Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, zamanin da sunan malamin daji kaɗai ya isa ya sa mai gatari ya ajiye gatarinsa. A 1999 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, ya shiga sahun gandayen ƙasa da Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ke riƙe da su, tare da Tafkin Kainji da Gashaka-Gumti da Tafkin Chadi da Tsohuwar Oyo da Okomu da Kuros Riba. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙasa ce ta doka da maje da kaɗanya, inda aka san giwa da gwanki da kanki da mazo da gada, ga Goron Dutse, ga Tsaunin Rema, ga ruwan da ke gangarowa a Dogon Ruwa.

Dokar hukumar ta hana farauta da kiwo da sare itace da haƙar ma'adinai da cinna wuta a cikin gandu, ta kuma ba jami'anta ikon kamu da bincike da ƙwace kayan laifi. A da, wannan ne ke cika ranar mai gadi: ya kwance tarko, ya kama maharbi da bindigar toka, ya kora garken da ya ƙetare iyaka, ya tare gobarar daji a lokacin hunturu, ya nemo baƙon da ya ɓace, ya je ƙauyen da giwa ta tattake wa gona ya ba da haƙuri. Duk waɗanda yake kamawa suna da abu guda da ya haɗa su: suna da gida da gona da mai unguwa, suna tsoron alƙali, suna jin kunyar a ce an kai su kotu. Ƙarfin mai gadi ya dogara ne a kan wannan tsoro da wannan kunya.

Yadda laifin ya sauya kama

Daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta zama sana'ar gungu-gungu, ɓarayin kuwa suka sami mafaka a dazuzzukan da suka haɗa Kaduna da Zamfara da Katsina da Neja. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da Kamuku suka haɗa kuɗi domin sojoji da 'yan sanda su shiga dajin, aka ƙwato shanu masu yawa. Amma da jami'an suka janye, ɓarayin suka dawo, sannan suka gano cewa satar mutum ta fi satar saniya riba. Bayan su 'yan ƙungiyar Ansaru suka kafa sansani a gabashin Birnin Gwari.

Illar ta iso har bakin birni. A ranar 11 ga Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, wato yaran da ake koya wa aikin daji su ne aka kora cikin daji da bakin bindiga. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar Birnin Gwari, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137 daga ƙasar Zamfara. A irin wannan yanayi, mutum biyar ko shida da suka fita sintiri a ƙafa ba su da abin yi idan suka yi kiciɓis da babura hamsin, kowane da mutum biyu ko uku riƙe da AK-47. Sintiri ya taƙaita zuwa gefe-gefe, baƙi suka daina zuwa, ƙuryar daji ta koma hannun wasu.

Haka abin yake a maƙwabta. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Jamhuriyar Benin, aka kashe ɗan rakiyarsu. A ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka masu gadi a ɓangaren Benin na gandun W, wanda ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke Holan ta ba da rahoton cewa masu ɗauke da makamai daga Sahel sun kutsa gandun Tafkin Kainji. Kafin duk wannan akwai Sambisa, wanda shi ma wurin adana namun daji ne kafin Boko Haram ta mai da shi hedikwata.

Musabbabai a kan ma'auni

Dalilin da aka fi ambata shi ne makamai, kuma gaskiya ne cewa bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 bindigogi sun bazu a Sahel. Sai dai makami yana neman wurin ɓuya, kuma ba ya samu sai inda babu ido. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Na biyu shi ne ƙasa. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye burtali da mashaya, makiyayi ya duba ya ga babu sauran ciyawa sai a gandu. Idan ya shiga a kama shi, a ci shi tara, ya fito da ƙullaci. Manomin da aka hana faɗaɗa gona shi ma yana kallon gandun a matsayin ƙasar kakanninsa da aka ƙwace. Wannan ya raba mai gadi da mutanen da ya kamata su zama kunnuwansa.

Na uku shi ne kuɗin da ke cikin dajin. Akwai zinare a ƙasar Birnin Gwari kamar yadda yake a Zamfara, inda gwamnatin tarayya ta haramta haƙa a 2019 saboda alaƙarsa da ta'addanci. Akwai katako, musamman madobiya da kasuwar Sin ta yi wa wawa a faɗin Afirka ta Yamma. Akwai ƙirya, wadda gawayinta ya fi daɗewa a murhu. Inda ɗan bindiga ke iko, mai zarto da mai haƙa ba sa shiga sai sun biya shi. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sare itace a Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Igabi da wasu ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan waya na ɗan lokaci.

Na huɗu, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne sakacin shekara da shekaru. An ayyana daji a takarda, ba a ba shi isassun ma'aikata da motoci da na'urorin sadarwa da hanyoyin sintiri ba. Ƙananan laifuffuka suka yi ta wucewa babu hukunci: yau bukka ɗaya a cikin gandu, gobe ruga, jibi sansani. Hanyar da mai gawayi ya share, ita babur ɗin ɓarawo ya bi. Da a ce akwai mai gadi da ke taka kowane lungu duk mako yana kai rahoto, kuma akwai mai sauraron rahoton, da an ga hayaƙin tun wutar ba ta kama ba. Sauran dalilai uku duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Abin da ya biyo baya

Farkon wanda ya biya farashi shi ne mai gadin kansa. An horar da shi ya san sawun dabba da sunan itace, yanzu ana so ya tsaya a gaban mayaƙa, alhali kakinsa kaɗai ya isa ya sa a ɗauke shi abokin gaba. Idan an harbe shi, asibiti na da nisa, hanya ba ta biyuwa, waya ba ta shiga.

Sai dabbobi. Inda aka girke mutane ɗari-ɗari masu bindiga, naman daji ne cefanensu, kuma inda babu sintiri babu ƙidaya. Sai ƙauyukan Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani da ke gefen gandu, waɗanda suka bar gonakinsu. Birnin Gwari rumbun masara ce; da noma ya ragu, tsadar ta bayyana a kwanon awo a kasuwannin Kaduna, waɗanda suka gudo kuma suka raɓu da 'yan uwa a unguwannin birni, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu.

Sulhu da abin da ke bayansa

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, motoci suka dawo hanya, manoma suka koma gona. Wannan abin godiya ne. Amma zaman lafiya yana da nasa haɗarin ga daji: hanyar da ta buɗe wa mai masara ta buɗe wa motar katako da ta gawayi. Idan hukuma ba ta riga su isa ba, abin da bindiga ta rage gatari zai ƙarasa.

A watan Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai. Kafin nan, a 2020, Shugaba Buhari ya amince da ƙarin gandaye goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Baturiya a Jigawa da Allawa a Neja. Ƙarin suna da ƙarin kaki ba za su wadatar ba sai an raba aiki a fili: fatattakar sansani na soja ne, riƙe wurin bayan an fatattaka kuwa na mai gadi ne, kuma shi ne aikin da aka kasa yi bayan 2015.

Akwai abin koyi a gida. A Gashaka-Gumti, haɗin gwiwar hukumar da gidauniyar ANI ya samar da masu gadi da aka ɗauka daga ƙauyukan yankin, aka horar da su, aka ba su kayan aiki. A Yankari, tallafin ƙungiyar WCS ga sintiri ya rage kisan giwaye domin haure ƙwarai. Kamuku na buƙatar irin wannan: a ɗauki 'ya'yan Gwari da Kamuku da Fulani da Hausawan wurin, a biya su kan lokaci, a yi musu inshora, a shata burtali da wuraren kiwo a wajen gandu, a sa masarautar Birnin Gwari da arɗo-arɗo cikin shawara, a kuma sauƙaƙa wa gidajen birni makamashin girki domin ƙirya ta huta.

Kowace ranar 31 ga Yuli duniya na tunawa da masu gadin daji da suka mutu a bakin aiki. Mu a Kaduna ba sai mun jira wannan rana ba. Mutumin da ke takawa a ƙafa tsakanin Goron Dutse da kogin Mariga yana tsaron makarantar Kuriga da kasuwar Buruku da barcin Unguwar Mu'azu, kuma ya cancanci a tura shi aiki da abin da zai dawo da shi gida.